Shaho da shirwa a tsakar gida: ƙaƙa za mu tsare kajinmu?

Jawabi ga masu kiwon kaji, zabbi da tantabaru, na birni da na ƙauye

 

Yau maganarmu bisa wani baƙo take. Baƙo ne da ba ya sallama, ba ya biyowa ta zaure. Ta bisa yake zuwa. Kafin uwar gida ta aje taɓarya, ya ɗauki rabonshi ya tafi. Kun gane shi. Shaho ne, da ƴar uwarshi shirwa.

Da can ana cewa wanga abu na mutanen ƙauye ne, masu zama bakin daji. Yanzu mutanen birni ma suna kuka da shi. A Maraɗi, a Damagaram, a Tawa, har a Yamai, mace za ta saki kaza da ɗiyanta a tsakar gida, ta juya baya, sai ta ji kaza ta yi ƙara. In ta ƙirga, babu ɗaya. Gobe ma haka. Shi ya sa Hausawa ke cewa kaza mai ɗiya ita ke tsoron shirwa. To, mai kazar ma tana tsoro, kuma tana da gaskiya.

Mu fara da lissafi

Kaza tana kwanci kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe. In ƙwan zabbi anka sa mata, sai ta yi kwana 26 zuwa 28. Duk wanga lokaci ba ta ƙwai, ba ta ƙiba, ramewa take. Ga shi an hana yara cin ƙwan, an hana kai shi kasuwa. Sa'annan a bar ƴan tsakin a fili, tsuntsu ya kwashe su ɗaya-ɗaya.

Mu ce kazarki tana ƙyanƙyasa sau 3 a shekara. Mu ce kowane karo kin tsirar da ƴan tsaki 4 waɗanda da za su ɓace. A shekara sun zama kaji 12. In kaza guda jika 2 ce a kasuwarku, jika 24 ke nan daga uwa guda. Kowa ya sa kuɗin kasuwarsu ya gani. Kuɗin magani ne, kuɗin sabulu ne, kuɗin littafin ɗan lakkol ne. Kaza ita ce asusun mace. Don haka kada wani namiji ya ce maganar ɗan tsako ƙaramar magana ce.

Wane ne ɓarawon?

Ba a maganin ɓarawo sai an san shi. Mutane da yawa duk tsuntsun da ya kawo sura sai su ce shaho. A'a. Kowane da halinshi, kuma dabarar da ke korar wani ba ta korar wani.

Shirwa ita ce wadda kuke gani tana jewa bisa kasuwa da mahauta. Launinta ƙasa-ƙasa ne. Ku dubi wutsiyarta: bakinta biyu, kamar gwafa, kuma tana murza ta dama da hagu in tana shawagi. In ta buɗe fukafukai sun kusa metir ɗaya da rabi. Amma gashi ne ya yi mata yawa. In an aza ta bisa sikeli ba ta cika kilo guda ba. Ƙafafunta kuma ba su da ƙarfi sosai. Saboda haka shirwa ba ta iya ɗaukar babbar kaza. Ɗan tsako take ɗauka, ko ɗan zabo. Abincinta na kullum shi ne mushe, da hanjin da anka zubar, da fara, da shinge, da kusu, da ƙadangare. Ita ce ke fauce tsokar nama daga faifai bisa kan yaro. Ba ta da kunya, amma ba ta da wayon ɓoyo. Ana ganin inuwarta tun ba ta sauko ba.

Shirwa iri biyu ce a ƙasarmu. Akwai mai rawayan baki. Wagga ta Afirka ce, ruwa take bi. In damana ta faɗi sai ta hauro daga kudu, ta yi yawa a nan. Akwai kuma mai baƙin baki. Ita a ƙasashen Turai take haifuwa. Wajen watan 8, dubbai daga cikinsu suna ƙetare ruwan da ke tsakanin Sifen da Maroko, su ratsa hamada, su zo su yi lokacin ɗari a ƙasashenmu.

Shi kuwa shaho, suna ne da muke ba tsuntsaye da dama. Biyu ne sunka fi shiga gari.

Na farko ƙarami ne, bai wuce girman tantabara ba. Bayanshi toka-toka, ƙirjinshi da zane-zane ƙanana masu ja-ja, idonshi ja ko rawaya. Wanga shi ne mai wayo. Ba ya jewa a sarari kamar shirwa. Cikin duhun bedi yake laɓewa, ya yi shiru, yana kallon tsakar gida. In ya ga dama sai ya taso ƙasa-ƙasa, ya bi tsakanin katanga da ɗaki, ya yi wuf. Galibin abincinshi ƙadangaru ne da ƙananan tsuntsaye. Amma in ya ɗanɗana ɗan tsako a gida, zai komo. Sau da yawa bisa reshe guda zai sauka, kuma a lokaci guda.

Na biyu babba ne. Fukafukanshi masu tsini ne, kuma yana da baƙin zane ƙarƙashin ido, kamar wanda kwalli ya zubo mashi. Daga can bisa yake sakkowa da gudu kamar jifa. A sama yake bugun abinshi. Shi ne abokin gabar masu tantabaru. Wani lokaci miji da mata tare suke farauta, ɗaya ya tada garke, ɗaya ya buga. Macen ta fi namijin girma, kamar yadda yake ga yawancin waɗanga tsuntsaye. Wanga shaho yana iya kashe budurwar kaza.

Ƙaƙa za a san wanda ya yi ɓarna? Shirwa ba ta barin komi, tafiya take da abinta. Shaho yana fige abin da ya kama kafin ya ci, sai ka iske tarin gashi gindin icce ko bisa katanga. Amma in da dare anka yi ɓarnar, cikin akurki, to ku wanke su duka biyu. Shaho da shirwa barci suke da dare. Ku nemi muzuru, ko gafiya, ko tunku, ko maciji. In ƙwai ne ke ɓacewa, ku tuhumi hankaka da kare da guza. In kuwa babban zakara ne ya ɓace, babu gashi babu jini, ana saura kwana biyu salla, to wanga shahon ƙafa biyu gare shi, kuma ya san ƙofar gida.

Mi ya kawo su gari?

Mu ne munka kira su. Ku dubi mahauta da bayan kasuwa. Ku dubi jujin da ke kowace unguwa. Ku dubi inda ake yanka a zubar da hanji da ƙafafu a titi. Wanga duka akushi ne munka aje ma shirwa. Inda juji ya yi yawa kusu na yawa. Inda ake shanyar hatsi da zubar da dussa, kurciya da ƙananan tsuntsaye na taruwa. Shaho kuwa bayansu yake.

Sa'annan gari ya ba su masauki. Bedin da anka shuka bakin hanyoyi ya girma, ganyenshi ba ya kaɗewa duka ko da rani. Ga dogayen ƙarafan tarho, ga manyan tankunan ruwa. Daga can tsuntsu na hangen gida ɗari. A wancan gefe kuma daji yana ƙarewa. Inda da kurmi ne, yanzu gona ce ko unguwa. Tsuntsun da ya rasa abinci a daji, ina zai nufa?

Wani zai ce: to mu sare bedin da yake sauka. Kada ku yi haka. Ku yi asarar inuwar shekara 20 don tsuntsu guda? Zai koma iccen maƙwabci, ya ci gaba da kallon gidanku, ku kuma kuna cikin rana.

Aikin da suke yi muna ba lada

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne mutane ba su dubawa. Ɗan tsakon da shirwa ta ɗauka, kowa ya gani. Farar da ta ci a gona, ba wanda ya ƙirga.

Manya sun tuna farar 1988. Kusan kowa a nan ya tuna ta 2004, da wahalar abincin da ta biyo baya a 2005. Tsuntsaye ba su iya tsaida babban garken fara in ya taso, wanga gaskiya ne. Amma ƙananan fara da ke tashi cikin gonakinmu kowace shekara, su ne abincinsu na yau da gobe. Akwai wani shaho mai jan fiffike da ke zuwa da damana, kusan ba ya cin komi sai fara. Akwai wani siriri da ke yawo ƙasa-ƙasa bisa gonaki bayan girbi. Masana na ƙasar Holanda sun ɗaura ma irinshi ƴar na'ura a baya, sunka bi tafiyarshi tun daga Turai har Nijar. Da sunka duba abin da yake ci a nan, sai sunka iske galibi fara ce. Ita kuma shirwa, ku lura da ita in ana ƙona sassabe. Bisa hayaƙi take jewa, tana kama abin da wuta ta koro. Kusun da ke tone iri bayan shuka, wa ke rage shi? Su da mujiya da maciji.

Kuma waɗanga tsuntsaye raguwa suke. Wani masani ɗan Faransa, Jan-Mark Tiyole, ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar tsakanin 1969 da 1973, yana ƙirga tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe. Bayan shekara 30, a 2003 da 2004, ya koma ya bi hanyoyin nan, sama da kilometir 8000. Abin da ya gani ya tada hankali. Manyan angulaye, in ba cikin gandun daji na gwamnati ba, cikin 100 saura kamar 2. Mikiya da gaggafa da irinsu sun ragu ƙwarai. Har shirwa ta ragu. Ku tambayi tsofaffin mahauta: angulu nawa ke sauka mahauta da, nawa ke sauka yanzu?

Maganar guba

Akwai masu sa maganin kusu ko maganin ƙwari cikin nama, ko cikin mataccen ɗan tsako, su aje bisa katanga. Ƴan uwa, wanga aiki mugun aiki ne. Guba ba ta da ido. Shahon da kuke nema, mai rai ya fi so ya kama. Wa zai ci naman? Shirwa za ta ci, angulu zai ci, hankaka zai ci. Abin da ya faɗo ƙasa, karen gida ya ci, kajin da kuke son tsarewa su tsattsaga. Tsuntsun da ya ci zai tafi ya faɗi wani wuri, wani ya ci shi, shi ma ya mutu. Wani lokaci yara ne za su tsinci tsuntsun su gasa. A ƙasar Gine Bisau, a 2020, angulaye sama da 2000 sunka mutu da guba cikin ƴan watanni.

Harbi da tarko ma ba su gama magana. Wurin da abinci yake a fili ba ya zama babu mai shi. Ka kashe wanga, wani ya gaje reshen. Kuma ku sani akwai doka. Doka mai lamba 98-07, ta ran 29 ga watan 4 na 1998, ita ta tsara farauta da kare namun daji a ƙasarmu. Farauta sai da takarda. Masu zuwa ƙauyuka suna neman kan angulu ko ƙwanshi ko ɗiyan shaho da kuɗi, kada ku biye masu. Su za su tafi, ku za a tambaya.

Yara ma a ja masu kunne. Danƙo ba ya kashe shirwa nan take, karya mata fiffike yake, ta mutu da yunwa. Dutsen kuma sau nawa yake fasa kan wani ko ya tsiyaye idon ɗan maƙwabci?

Abin da ke aiki

Babbar dabara guda ce, sauran duk ƙari ne. A rufe ƴan tsaki har su yi sati 6 zuwa 8. Daga nan gashinsu ya fito, sun yi nauyi, sun koyi gudu. Shirwa da ƙaramin shaho ba su cika damuwa da su ba.

Da mi za a rufe su? Ba sai an sayi komi ba. A saƙa babban kwando na kifawa, da tsumagun sabara ko geza ko kalgo. Faɗinshi ya kai metir ɗaya da rabi in uwa guda ce da ɗiya 10. Idon saƙar ya zama ƙarami, yadda ɗan tsako ba ya fita, amma iska da haske na shiga. Mai hali ya yi da katako da ragar waya, wadda ake ce ma giriyaji. Tsohon sange ma yana yi, in an ɗaura shi bisa sanduna. Na ce tsoho, wanda ya yage. Kada a cire sabon da anka ba yara don sauro a ba kaji. Zazzaɓi ya fi shirwa ɓarna.

A kife kwandon a inuwa. A riƙa gusa shi kowace safiya zuwa wuri mai tsabta, don kada su kwana bisa kashinsu. A aza dutse a kai ko a kafe shi, saboda iska da awaki. Da dare a maida su akurki mai ƙofa. Lokacin ɗari a shimfiɗa masu ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, don sanyi na kashe ɗan tsako.

Nan ne wasu mata ke gajiya. Suna cewa: in na rufe su, mi za su ci? Gaskiya ne, wanda ya rufe kaza ya ɗauki nauyin cinta. Amma ɗan tsako cikinshi kaɗan ne. A ba su ɓarzajjen hatsi ko dawa ko masara, da dussa, da yankakken ganyen zogale. In da garin ƙuli-ƙuli ko garin busasshen kifi, a barbaɗa kaɗan. Abin da ya fi sa su girma shi ne gara, kuma kyauta ce. A sami tsohuwar tukunya, a cika ta da busasshen kashin shanu da karan dawa, a yayyafa ruwa. Da marece a kife ta inda gara ke bi, nesa da ɗaki da rumbu. Da safe a ɗauko a kaɗe masu. Ruwan sha kuma kada ya yanke. A sa shi cikin kasko marar zurfi, a jera tsakuwa ciki, don kada su faɗa su jiƙe.

In sun kai sati 2 ko 3, ana iya sakin uwar ta yi kiwo kusa, ɗiyan na ciki. Ana iya sakinsu duka na ɗan lokaci in akwai mai zama tsakar gida, kamar lokacin daka ko wanki.

Bayan haka sai a duba tsakar gidan kanta. Kaza ta san maganin shirwa tun kakanninta: in ta ga inuwa ta yi ƙara, ɗiya su ruga su ɓuya. Amma ina za su ɓuya a gidan da anka share fes, babu ko kara? Ku yi masu mafaka nan da can. Ƴar rumfa gajera, kamu biyu daga ƙasa. Tsohon zana da anka jingina ga katanga. Tarin ƙaya ta magariya ko aduwa. Gindin rumbu ma wuri ne mai kyau. Kada ya zama ɗan tsako sai ya yi gudu mai nisa kafin ya sami inda zai shiga. Abinci kuma a zuba shi ƙarƙashin rumfa, ba tsakiyar fili ba.

Shirwa tana son sarari don fukafukanta dogaye ne. In an ɗaura igiyoyi bisa wurin kaji, daga katanga zuwa katanga, kusa-kusa da juna, sauka na yi mata wuya. Wasu suna rataya tsumma ko abu mai walƙiya a jiki. Yana taimako kwana kaɗan, daga baya tsuntsu ya saba. Sai a riƙa sauya mashi wuri. Haka mutum-mutumi. Wanda bai motsa ba sati guda, har bisa kanshi za a sauka. Wasu kuma suna shafa ma ƴan tsaki shuni ko garura, don tsuntsu ya kasa gane su. Ana yin haka a ƙasashen Afirka da dama, kuma masu yi suna yabawa. Wanda zai gwada ya kiyaye ido da baki, ya yi da rana don su bushe, kuma kada ya taɓa sa fenti ko maganin ƙwari. Amma ni dai na fi yarda da kwando.

Zakara babba yana da amfani. Idonshi na sama kullum, shi ke fara gargaɗi. Manyan zabbi sun fi shi ƙara. Maƙwabta ba su son kukansu, amma ba abin da ke wucewa bisa gida ba su faɗa ba.

Ranar yanka, ranar suna ko salla, a haƙa rami a rufe hanji da jini da gashi. Ɗan tsakon da ya mutu kada a jefa shi bayan katanga. Wanda ya yi haka yana koya ma shirwa hanyar gidanshi. Wanga aiki kuma ba na gida guda ba ne. In kin gyara naki, maƙwabciya na zubarwa, tsuntsu bai san iyakar gida ba. A yi magana da mai unguwa, a gyara jujin tare.

Masu tantabaru, naku ya fi wuya, don tantabara sai ta tashi. In babban shaho ya gano garkenku, ku tsare su ciki kwana kaɗan. In ya zo ya rasa, ya sake zuwa ya rasa, zai nemi wani wuri. Kada ku riƙa sakinsu a lokaci guda kullum, yana riƙe lokaci. Ƴan shila masu koyon tashi su ya fi kamawa, a sake su in mutum na tsaye. Ƙofar tukunya ko ta ɗakinsu ta zama daidai jikin tantabara. Duk da haka, wata rana zai ɗauki ɗaya. Mai tantabaru ya san da wanga.

In ya shiga ɗaki, ko an tsince shi da rauni

Yana faruwa ƙaramin shaho ya biyo tsuntsu da gudu har cikin ɗaki ko shago, ya rasa hanyar fita. Kada a taru ana ihu ana jifa. A fidda yara. A buɗe ƙofa wayam, a rufe sauran wuraren haske, kowa ya ja baya. Haske zai bi ya fita.

In an iske shi ƙasa da karyayyen fiffike, kada a kai hannu tsirara. Akaifarshi ta fi bakinshi haɗari, in ya riƙe ba ya saki. A lulluɓe shi da zane ko buhu. In idonshi ya rufe sai ya natsu. A kama ƙafafun ta sama, a sa shi cikin kwali mai huji, a aje a inuwa. Kada a ɗura mashi ruwa, yana iya shaƙewa. Kada a ba shi tuwo ko hatsi, ba abincinshi ba ne. A kai ma ma'aikatan daji ko likitan bisashe. Kada a ɗaure mashi ƙafa da igiya a ba yara wasa. In ɗan shaho ne mai gashi, yana tsalle gindin icce, galibi koyon tashi yake, iyayenshi na kusa. A aza shi bisa reshe, a kori kare da mussa.

Shirwa mai ɗiya a sheƙa takan kai ma mutane sura a kai in sun bi gindin iccen. Ba aljani ba ne, uwa ce. A sa malfa, ko a sake hanya na ƴan makonni. In ɗiyan sun tashi za ta bari.

Amma in kun ga tsuntsu ba rauni, yana layi, wuyanshi na murɗewa, ko kun iske tsuntsaye da yawa matattu wuri guda, kada kowa ya taɓa. Kada a fige, kada a ci, kada a ba kare. A gaya ma ma'aikatan kiwo tun da wuri. Kun tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya, jihar Damagaram, a watan 2 na 2006. Wagga cuta tana kama tsuntsayen daji da na gida, kuma tana iya kama mutum. Wanda ya riga ya taɓa, ya wanke hannu da sabulu.

Ɓarawon da ba ya da inuwa

Kafin in tsaya, ga tambaya. Bara, kaji nawa shaho ya ɗauke maku? Nawa kuma ciwo ya kashe lokacin ɗari? Shaho ɗaya yake ɗauka ya tafi. Ciwon nan da likitoci ke ce ma Niyukasal, in ya shiga gari, cikin sati guda sai ya share akurki. Kaza ta yi tagumi, ta saki fukafukai, tana koren zawo, tana numfashi da ƙyar, wuya ya karkace. In ya kama ba shi da magani. Ƙwayoyin da ake saye a tebur a jiƙa masu, asarar kuɗi ce.

Rigakafi gare shi. Akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido. Na ido ana sake shi kowane wata 4. Kajin da ke da lafiya ake yi ma, kuma a yi tun da kaka, kafin sanyi ya shigo. A haɗa kai unguwa guda ko gari guda a kira mai allurar kaji rana ɗaya, don kwalba guda ta kaji da yawa ce, kuma in an buɗe ba ta jimawa. Kazar da anka sawo kasuwa, ko wadda anka kai ba a saya ba anka komo da ita, a ware ta sati 2 kafin ta haɗu da sauran.

Kwandon da munka yi magana a kai, nan ma yana da amfani. Ran da mai allura ya zo, ba sai an bi kaji da gudu cikin unguwa ba.

To, nan zan tsaya. Na ga iyayena mata na can baya suna da magana tun ɗazu. Inna, bisimilla, muna saurare.